Martani: Idan Aka Sake Zana Taswira, Ina Za A Ajiye Bahaushen Zango?

Na karanta makalar da wani ɗan'uwa marubuci ya fitar a kwanakin baya game da iyakokin ƙasashen Afirka, inda ya kafa hujja da ƙasar Togo. Gundarin maganarsa shi ne: Togo zane ce kawai da Turawa suka yi a kan teburi a Barlin, kakanninmu fatake sun yi ta kai da kawowa tsakanin Kano da Gwanja ba mai tare su, mutanen Sokode da Dapaong sun fi kusa da ƙasashen Sahel ta fuskar addini da ciniki da zumunta fiye da Lome, don haka a sake zana taswira, kowace al'umma ta koma cikin danginta, arewacin Togo ya bi 'yan'uwansa na arewa. Ya rufe da cewa Bahaushe ba shi da iyaka. Wannan ra'ayi ba yau aka fara jin sa ba. Masanin shari'a ɗan ƙasar Kenya, Makau Mutua, ya yi kira da a sake zana taswirar Afirka tun a 1995, kuma har gobe ana maimaita zancen a zaure da majalisun shayi.

Malam, bari in fara da inda muka yi tarayya. Gaskiya ne ba da shawarar talakawa aka shata iyakokin nan ba. Gaskiya ne sun raba dangi: Moba suna Togo suna Gana, Konkomba haka, Cakosi haka, Gurmawa kuwa sun rabu tsakanin Burkina Faso da Togo da Benin da Nijar. Gaskiya ne direban da ya ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Lome zuwa Wagadugu ko Yamai yana shan wuya a shingaye, kuma yankin Savanes, inda Dapaong take, ya daɗe yana sahun gaba a talauci cikin yankuna biyar na ƙasar. Duk wannan na yarda. Inda muka rabu shi ne tarihin da ka kafa hujja da shi, da kuma maganin da ka rubuta. Tarihin yana da gyara, maganin kuwa wanda kake cewa kana karewa shi zai fara kwantarwa.

Mu fara da Barlin. Taron da aka yi can daga Nuwamban 1884 zuwa Fabrairun 1885 ya tsara ƙa'idojin ciniki a yankin Kwango, da zirga-zirgar jirage a kogin Kwara da na Kwango, da yadda ƙasar Turai za ta sanar da sauran idan ta kama wani wuri a bakin teku. Ba a shata iyakar Sokode ko ta Dapaong a wannan zama ba, domin a lokacin ikon Jamus bai wuce bakin teku ba, inda Gustav Nachtigal ya ƙulla yarjejeniyar kariya a watan Yulin 1884. Arewa ta zo ne bayan shekara goma da 'yan kai, ta hanyar tsere da yarjejeniyoyi da yaƙi. Tsakanin 1894 da 1895 wakilan Ingila da Faransa da Jamus duk sun isa Sansanin Mango suna neman sa hannun sarkinta. Ayarin Bajamushe Hans Gruner bai tsaya nan ba, sai da ya dangana da Gwandu a 1895, yana fatan tutar Jamus ta kai bakin Kwara. Da burinsa ya cika, da watakila wani yanki na Kabi yau yana cikin labarin Togo.

Abin da ya tsayar da layin shi ne yarjejeniyar Faransa da Jamus ta 1897, wadda ta bar wa Faransa ƙasar Gurma, ta bar wa Jamus Mango, sai kuma ta Ingila da Jamus ta 1899, wadda ta raba yankin da a da suka amince kowa ya ɗauke hannu daga kansa: Salga ta faɗa hannun Ingila, Yandi ta faɗa hannun Jamus. Duba da kyau, Malam, sunayen da ake ciniki a kansu: Gurma, Mango, Dagwamba, Mamfurusi, Gwanja. Dukkansu dauloli ne da Turawa suka tarar, kuma kowane Bature yana kafa da'awarsa ne da cewa sarkin wuri kaza ya sa masa hannu, ikon sarkin kuwa ya kai wuri kaza. A Sokode ma haka aka yi. Sarkin Cawujo, Jobo Bukari na Kparatawo, ya ƙulla alaƙa da Jamusawa tun 1889, mahayan dawakinsa suka taya su yaƙi a ƙasashen maƙwabta, ciki har da ƙasar Kabiye, shi kuma ya ƙara ƙarfi a kan abokan hamayyarsa. Jamusawa suka kafa barikinsu a Sokode wajen 1898. Ba ina wanke Turawa ba ne. Abin da nake nunawa shi ne hannun sarakunan ƙasar yana cikin wannan taswira, da lissafinsu da son zuciyarsu.

Sai batun fatake. Wannan shi ne wurin da makalarka ta fi taɓa zuciya, kuma shi ne wurin da ta fi nisa da abin da ya faru. Hanyoyin goro manya biyu ne suka ratsa ƙasar da ake kira Togo a yau. Ɗaya ta bi ta Gurma zuwa Mango da Yandi ta faɗa Salga. Ɗayar ta ƙetare Kwara ta bi Borgu, ta Nikki da Jugu, ta shiga ƙasar Kotokoli, wato yankin Sokode, kafin ta kai Gwanja. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sukan tafi da tufafi da kanwa da fatu da dabbobi, su dawo da goro, tafiya da dawowa ta cinye watanni masu yawa. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya yi littafi sukutum a kan wannan fatauci a 1980. Me ya sa ayari yake buƙatar madugu da jagaba da uban dawaki? Me ya sa fatake suke taruwa ɗaruruwa, wani lokaci dubbai, kafin su kama hanya? Domin kowace ƙasa da za su ratsa tana da mai ita. Babban aikin madugu shi ne sasanta kuɗin fito da gaisuwar sarakuna, gari bayan gari, kogi bayan kogi. Wanda ya ƙi biya a tare shi, wanda ya ratse hanya 'yan fashi su same shi. Idan yaƙi ya tashi, hanya ta mutu, kamar yadda yaƙin basasar Salga na 1892 ya watsa kasuwar, 'yan kasuwa da malamai suka bazu, ciki har da Alhaji Umaru, Bakano, wanda ya koma Kete Karachi ya zauna har rasuwarsa a 1934.

Shi kansa zango shaida ne a kan abin da nake faɗa. Baƙo bai isa ya sauka inda ya ga dama ba. Sarkin gari ne yake nuna masa fili a gefe, ya naɗa masa shugaba, mai masauki ya tsaya masa, dillali ya shiga tsakaninsa da mai saye. Unguwar Didawure ta Sokode, cibiyar malamai da 'yan kasuwa Musulmi, a kan wannan tsari ta kafu: sarauta da ƙasa na masu gari, limanci da ciniki na baƙin da suka zauna. Wato tun kafin Bature, ana bambanta ɗan gari da baƙo, kuma Bahaushe ya san matsayinsa a wannan rabo.

Ka kuma tambayi mutanen Dapaong yadda zamanin da kake kewa ya kasance a wurinsu. Cakosi na Mango, waɗanda kakanninsu suka taso daga yankin Ano na Kwaddebuwa ta yau a ƙarni na 18 a matsayin mayaƙan haya, sun ɗora wa maƙwabtansu haraji, suna kai musu hari suna kamo bayi. A duwatsun Nok, kusa da Nano, kudu maso yammacin Dapaong, har yau ana ganin kogunan da mutanen Moba suke ɓuya a ciki, da ƙananan rumbunan laka da suka gina a jikin dutse don ajiye hatsi idan mahara sun zo. Mai ayari da doki da bindiga yana iya tuna wancan zamani da daɗi. Jikan wanda ya kwana a kogon dutse yana da nasa labarin, kuma shi ma ɗan ƙasar ne.

Hujjarka ta uku ita ce ba a taɓa tambayar mutane ba. A Togo dai an tambaye su, kuma amsar da suka bayar tana cikin tarihi. Bayan Jamusawa sun miƙa wuya a Kamina a watan Agustan 1914, Ingila da Faransa suka raba ƙasar, aka tabbatar da rabon a 1919. Ɗaya daga cikin abubuwan da aka duba shi ne mayar da Yandi cikin sauran ƙasar Dagwamba. A ranar 9 ga Mayun 1956, Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ido a kan ƙuri'ar raba gardama a ɓangaren Ingila. Kimanin kashi 58 cikin ɗari suka zaɓi haɗewa da ƙasar da ta zama Gana a 1957. Arewa, ƙasar Dagwamba da Mamfurusi, ita ta rinjayar da ƙuri'ar, alhali yawancin yankunan Ewe na kudu sun ƙi. A ɓangaren Faransa kuwa, zaɓen 27 ga Afrilun 1958, shi ma a gaban idon Majalisar, ya ba jam'iyyar Sylvanus Olympio nasara, ƙasar ta samu 'yanci a ranar 27 ga Afrilun 1960. Da Kwame Nkrumah ya matsa lamba yana son Togo ta shigo cikin Gana, Olympio ya ƙi, dangantaka ta yi tsami har aka rufe iyaka. Wannan ja-in-ja tsakanin 'yan Afirka biyu aka yi ta, ba Bature a tsakani.

Maƙwabciyar Togo ta arewa ma tana da irin wannan labari. Faransa ta rushe ƙasar da a yau ake kira Burkina Faso a 1932, ta rarraba ta ga Kwaddebuwa da Nijar da Sudan ta Faransa, wato Mali. Sarakunan Mosi suna cikin waɗanda suka dage sai an dawo da ita, aka kuwa dawo da ita a 1947. Layin da baƙo ya shata, idan aka haifi 'ya'ya da jikoki a cikinsa, aka yi makaranta da aikin soja da zaɓe da ƙwallon ƙafa a ƙarƙashinsa, yakan zama na masu wurin. Masani William Miles ya zauna a ƙauyuka biyu na Hausawa da iyaka ta raba, Yardaji a Najeriya da Yekuwa a Nijar, ya fitar da littafinsa a 1994. Abin da ya gani shi ne harshe ɗaya da addini ɗaya, amma kowane ɓangare ya san ƙasarsa, kuma mulkin da ya biyo ta kansa ya bar masa alama. Paul Nugent, wanda ya daɗe yana nazarin iyakar Gana da Togo, ya nuna cewa mazauna bakin iyaka da kansu suna da hannu wajen raya ta, domin da yawansu da ita suke cin abinci.

Ga wata shaida ta kusa, daga Sokode kanta. A ranar 19 ga Agustan 2017 jam'iyyar PNP ta Tikpi Atchadam, wanda shi ma ɗan ƙabilar Kotokoli ne, ta kira zanga-zanga, aka rasa rayuka a Sokode. A watan Oktoba na shekarar, kama wani limami na garin ya sake tayar da tarzoma. Garin ya sha wuya ƙwarai a hannun jami'an tsaro. To, me mutanen suka fito nema? Su ne waɗanda ka ce zuciyarsu tana Sahel. Da haka ne, da ranar ce za su ɗaga tutar ɓallewa. Abin da suka nema shi ne a dawo da kundin tsarin mulkin 1992 mai ƙayyade wa'adin shugaban ƙasa sau biyu, a kuma bai wa 'yan Togo mazauna waje damar jefa ƙuri'a. Mutumin da ya ba da jininsa a kan tsarin mulkin ƙasa ya riga ya gaya maka ƙasar da yake ganin tasa ce. Rigimar Togo a kan mulki ce: gida ɗaya yana riƙe da ragama tun 1967, daga Gnassingbé Eyadéma zuwa ɗansa Faure a 2005, kuma sabon tsarin mulkin 2024 ya mayar da shi shugaban majalisar ministoci a watan Mayun 2025, muƙamin da ba a ƙayyade masa adadin wa'adi ba. Wannan ciwo ne na gaske, amma sake zanen taswira ba ya taɓa shi ko kaɗan.

Yanzu ga tambayar da makalarka ta tsallake, wadda ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. A ce an yarda da shawararka, an baje taswira, kowace al'umma ta karɓi ƙasar kakanninta. Sokode ta Kotokoli ce. Kara ta Kabiye ce. Basar ta mutanen Basar ce. Mango ta Cakosi ce, ko da yake waɗanda suka tarar a wurin za su ce ba su yarda ba. Dapaong ta Moba da Gurmawa ce. To, Bahaushen zangon Sokode, wanda kakan kakansa ya zo da ayarin goro, wanda kaburburan iyayensa suke nan, wanda bai taɓa ganin Dala ba, ina rabonsa? Bafulatanin da yake kiwon shanun mutanen gari a dajin Savanes fa? Bayaraben da yake da shago a kasuwar Dapaong tun zamanin kakansa fa? A taswirar ƙabila, duk waɗannan baƙi ne har abada, domin ma'aunin shi ne wa ya fara sare dajin. A ƙasar da aka gina a kan yanki da doka kuwa, ma'aunin shi ne takardar zama ɗan ƙasa, kuma a gaban doka takardar jikan madugu daidai take da ta jikan sarkin gari. Wannan ita ce babbar garkuwar Hausawan zango daga Lome har Dapaong, daga Kumasi har Yawunde. Mu da muka fi kowa yaɗuwa a ƙasashen mutane, mu ne bai kamata mu fara kiran kowa ya koma gidan ubansa ba.

Za ka iya cewa ai iyakokin nan ne suka jawo korar baƙi. Haka ne, an yi. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar Gana, Hausawa da Yarabawa da 'yan Togo da 'yan Nijar masu yawa suka fita, wasu a Gana aka haife su. A farkon 1983 Najeriya ta yi irin wannan kora a zamanin Shehu Shagari. Amma duba abin da ya raba wanda aka kora da wanda ya zauna: takarda. Kuma duba abin da sabon layi yake haifarwa. Iritiriya ta rabu da Habasha a 1993. Bayan shekara biyar yaƙi ya ɓarke a kan garin Badme, aka kori dubban mutane daga ƙasar da aka haife su. Sudan ta Kudu ta samu 'yanci a 2011. 'Yan asalin kudu da suka yi shekaru a Khartum suka wayi gari ba 'yan ƙasa ba, sabuwar ƙasar kuma ta faɗa yaƙin basasa a 2013. A Kwaddebuwa, siyasar tantance wane ne ɗan ƙasa na asali ta mayar da 'yan arewa da Musulmi abin zargi, ta kai ƙasar ga yaƙi a 2002. Duk sabuwar iyaka tana zuwa da sababbin baƙi. Shugabannin da suka hallara a Alƙahira a 1964 suka amince kowace ƙasa ta riƙe iyakar da ta gada ranar 'yanci sun san asalin iyakokin sarai. Sun auna ne suka ga jinin da za a zubar wajen gyara ya fi ƙarfin nahiyar.

Sai batun tsaro, inda ka ce hare-haren arewacin Dapaong sun nuna iyaka tatsuniya ce. A watan Nuwamban 2021 aka kai hari a sansanin Sanloaga cikin gundumar Kpendjal. A daren 10 zuwa 11 ga Mayun 2022 aka kashe sojoji takwas a Kpékpakandi, ƙungiyar 'yan bindiga ta JNIM ta ɗauki alhaki. A watan Yuni na shekarar aka kafa dokar ta-ɓaci a yankin Savanes, ana ta sabunta ta. A watan Afrilun 2023 Faure Gnassingbé da kansa ya ce an rasa sojoji kusan 40 da farar hula kusan 100. Ka lura da abu biyu, Malam. Na farko, waɗanda a yau suke aiki da aƙidar cewa iyaka ba komai ba ce su ne masu babura da bindigogi da suke kwararowa daga gabashin Burkina Faso, suna kore shanu suna dasa nakiya a hanya. Na biyu, ina masu gudu suke nufa? Dubban mutanen Burkina Faso sun tsallako kudu zuwa yankin Savanes neman mafaka. Uwar da ta goyo ɗanta ta ƙetaro layin nan da dare ta san akwai bambanci tsakanin wannan gefe da wancan. Yaya za a gaya wa mutumin Dapaong ya haɗe da yankin da mutanensa suke gudowa wurinsa?

Ba na cewa hukumar Togo ta sauke nauyin da ke kanta. A watan Yulin 2022 sojojin ƙasar sun kashe yara bakwai a ƙauyen Margba cikin gundumar Tône, suka kuma amsa cewa kuskure ne, sun zaci mahara ne. Ana ƙorafin zargin da ake ɗora wa Fulani a dunƙule, da ƙarancin labarin abin da ke faruwa a fagen daga. Shirin gaggawa da gwamnati ta ƙaddamar don yankin a 2022, na ruwa da wuta da hanyoyi, shi kansa amsa laifi ne cewa an daɗe da barin wurin a baya. Sai dai ka lura, duk waɗannan ƙorafe-ƙorafe suna da wanda ake kai wa, suna da adireshi a Lome. Ranar da aka rushe ƙasa, wa za a tuhuma? Gidan da azzalumi ya gina, idan zuri'arka ta cika shi, inda yake yoyo ake gyarawa, ba a rushe shi ana tsakiyar damina.

Ka kawo ƙawancen ƙasashen Sahel a matsayin alamar cewa zamanin iyakoki ya wuce. Mali da Burkina Faso da Nijar sun kafa ƙawancen, wato AES, a watan Satumban 2023, suka fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025, kuma ministan harkokin wajen Togo, Robert Dussey, ya taɓa cewa shigar ƙasarsa ƙawancen ba abu ne da ba zai yiwu ba. Amma kalmar da shugabannin ƙasashen uku suka fi maimaitawa ita ce diyaucin ƙasa, kuma ƙasar da kowanensu yake nufi ita ce mai iyakar da Faransa ta bari. Ba wanda ya ce zai sallama taƙi ɗaya. Mali da Burkina Faso sun gwabza a kan yankin Agasher a 1974 da 1985. Hukuncin Kotun Duniya na 1986, wanda ya dogara da iyakokin da aka gada, shi ya kashe wutar har suka iya zama a inuwa ɗaya yau. Idan Togo ta shiga ƙawancen, a matsayin ƙasa guda za ta shiga, da Lome da Dapaong tare.

Kuma nan ne lissafin taswirarka ya fi rauni. Gaskiya Dapaong ta fi kusa da Wagadugu fiye da Lome, wadda take nesa da ita da sama da kilomita 600. Amma arzikin Dapaong da Mango da Sokode yana rataye ne a kan hanya ɗaya, babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, wadda ta taso daga tashar jiragen ruwa ta Lome ta ƙare a Sinkase. Tsawon ƙasar da sirantarta, abin da kake yi wa dariya, shi ne jarinta: gaɓar teku ta kilomita hamsin da 'yan kai tana ciyar da ƙasashen da ba su da teku. Tun da iyakar Benin da Nijar ta rufe bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kaya masu yawa na 'yan kasuwar Yamai da Maraɗi ta Lome suke sauka, su bi ta Sokode da Dapaong su shiga Burkina Faso. Mai gidan abinci a tashar Sokode, da bakanike, da mai facin taya, da ɗan canji a Sinkase, duk da wannan hanya suke rayuwa. Ka yanke arewa daga kudu, ka ƙara shingen kwastan a tsakiyar hanyar, ka mayar da Sokode garin da ba shi da teku. Wa ka taimaka?

Abin da ya kamata mu nema a bayyane yake, kuma an riga an sa hannu a kan yawancinsa. ECOWAS, wadda Yakubu Gowon da Eyadéma suka yi ɗawainiyar kafa ta a 1975, ta amince tun 1979 cewa ɗan ƙasa mamba yana iya shiga wata ƙasar ya yi kwana 90 ba biza. An gina ofishin iyaka na haɗin gwiwa a Sinkase don a riƙa duba mota sau ɗaya maimakon sau biyu. Matsalar ita ce jami'in da yake karɓar na goro a hannun mai cikakkun takardu, da gwamnatin da take rufe iyaka da dare ɗaya, kamar yadda Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Waɗannan su ne abokan faɗanmu. A rage shingaye, a hukunta masu karɓar cin hanci, a tabbatar ficewar ƙasashen Sahel daga ECOWAS ba ta zama hujjar wulaƙanta talaka a bakin iyaka ba. A cikin gida kuma, a daina sa wa mai suna Garba ko Hamadu ido na daban idan ya je neman takardar shaidar zama ɗan ƙasa. Faɗa wa hukuma wannan ba cin amanar ƙasa ba ne. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Mu ma muna da namu aikin. Mutanen zango da yawa sun ɗauki takarda abin wasa, har sai ranar da yaro zai zauna jarrabawa ko uba zai nemi fasfo na aikin Hajji. Tarihin zangon Lome, wanda hukuma ta tayar daga tsakiyar birni a 1977 ta mayar da shi bayan gari, ya isa darasi a kan abin da yake samun mai zama ba hujja a hannu. Togo ta mayar da takardar haihuwa kyauta tun farkon 2022. Sarakunan zango da limamai su riƙa tambayar ta ranar suna, kamar yadda ake tambayar rago. A yi rajistar filaye, a sa yara makaranta, a yanki katin zaɓe, a tsaya takarar kansila. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Malam, alƙalaminka yana da masu sauraro, kuma matasan zango suna cikinsu. Idan ka gaya musu ƙasar da aka haife su ƙarya ce, ka ba su dalilin janye jiki daga makaranta da zaɓe da aikin gwamnati, ka kuma miƙa wa masu ƙyamarsu hujjar cewa dama can ba 'yan ƙasa ba ne. Ina roƙonka ka juya wannan alƙalami ga shingayen hanya, da haƙƙin takarda, da adalci ga yankin Savanes. Bahaushen Sokode da na Dapaong ɗan Togo ne cikakke, kuma amfaninsa yana cikin ƙasar da take da doka mai aiki da iyaka mai sauƙin ƙetarawa. Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.